Ta'aziyyar da Ta Ture Marlys

Marlys Tveit ta rasu a tsakiyar Janairun alif ɗari tara da casa'in da biyu, amma ba a binne ta ba. A arewacin Minnesota ƙasa takan daskare a wannan lokaci har diga ya riƙa tsalle a kanta, saboda haka da aka gama addu'a a coci sai aka kai akwatin wani ɗan ɗakin dutse da ke gefen maƙabarta, aka kulle, a jira ƙasa ta saki. Akwai mutum biyu a ciki da suka riga ta. Mijinta Delbert ya san su duka, ɗayan ma ya taɓa sayar masa da taya. Yakan yi tunanin su ukun a jere kamar masu jiran likita, babu mai ce wa wani uffan.

Delbert ya yi shekaru yana tuƙa motar kwashe ƙanƙara ta ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya, kuma mutum ne mai zurfin ciki. Bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a coci ba. Ya ɗauka abin zai zo daga baya, sai ya zauna jiransa. Shiru. Matan coci sun cika masa firij da farantai na gasasshiyar taliya da kifin gwangwani, kowane da sunan mai shi a manne a gindi don a san inda za a mayar. Yakan ci a tsaye, da sanyinsa. Da safe ya zuba gero a akwatin tsuntsayen da ke bayan tagar kicin, don kawai Marlys tana yi.

A kusurwar kicin ɗin akwai kwamfuta, lulluɓe da wani zane mai furanni da Marlys ta ɗinka mata saboda ƙura. 'Yarsu Carla ce ta kawo ta daga Denver, ta haɗa ta da wayar gidan, ta yi wa uwar rajista da wani kamfani na can nesa. Idan an kunna, injin yakan kira kamfanin da kansa, ya yi wani kuka kamar kyanwa ta maƙale a bututu, daga nan gilashin kwamfutar ya buɗe a kan zaurukan hira. Kowane zaure da abin da ake tattaunawa a cikinsa. Akwai na masu ɗinki, na masu kamun kifi, na masu ciwon baya, har da na waɗanda suka rantse halittun wata duniya sun taɓa ɗauke su sun dawo da su. Ba a jin murya, ba a ganin fuska. Mutum ya rubuta nasa ya tafi, wani ya zo gobe ya karanta ya bar amsa. Sabon saƙo yakan zauna a sama, tsofaffi suna ƙasa.

Delbert bai taɓa sa mata hannu ba. Abin da ya sani kawai shi ne, in Marlys na zaune a gabanta ba mai samunsu a waya. Wata safiya ya ɗaga zanen don ya wanke, sai ya tsaya yana kallon baƙin gilashin, ya danna maɓallin da ya saba ganin tana dannawa. Injin ya yi kukansa. Bai tambaye shi kome ba, domin ya riƙe sunanta da kalmar sirrinta. Ya yi masa maraba da sunan Marlys, ya ajiye shi a inda ta saba zama, zauren masu ciyar da tsuntsaye.

Zaure ne na tsofaffi, ba shi da hayaniya. Yini guda sai a samu saƙo kaɗan, shi ya sa na tun kaka suna nan ba su je ko'ina ba. Delbert ya yi ta danna kibiyar ƙasa har ya kai ƙarshe, watan Satumba. Ga sunanta nan, Marlys T.

"Hankaka ya sace kitsen da na rataye wa tsuntsaye, har da ragar," ta rubuta. "In wani a Iowa ya ga jar raga ta nufi kudu, tawa ce."

Ya karanta, ya sake karantawa. Haka take magana, da guntun numfashi a tsakiya. Ya ɗan hau sama, ya ga sunan ya sake fitowa, ya sake, kusan kullum. Sai ya ɗauke hannu daga madannan. Mutumin da ya yi rayuwa a inda hanya ke toshewa ya san ba a cinye abinci a rana ɗaya. Ya yanke wa kansa ɗaya ko biyu kowace safiya, tare da kofi, daga ƙasa zuwa sama. A lissafinsa za su kai shi har ganye ya fito.

Haka ya riƙa yi. Ya zuba gero, ya ɗora kofi, injin ya yi kuka, ya karanta rabonsa na ranar. Wasu ba kome a cikinsu sai yanayin gari da irin tsuntsun da ya zo. Wasu da shi a ciki.

"Delbert ya shafa wa sandar akwatin tsuntsaye man inji saboda kurege. Kuregen ya zame, ya sake zamewa, sannan ya bi ta igiyar shanya ya hau. Delbert ya ce shi bai ga kome ba."

Ya tuna ranar. Ya gani, ƙin faɗa ya yi. In ya gama karantawa yakan bar injin a kunne, ya zauna yana kallon koren rubutun har kofin ya huce. Ba daɗi yake ji ba, ba kuma baƙin ciki ba. Abin dai ya zama dalilin sauke ƙafa daga gado.

Ya kai ƙarshen Oktoba ke nan ranar da Ardis ta banko ƙofa ba sallama. Ƙanwar Marlys ce, mai sayar da tikiti a gidan silima na garin, kuma tun ranar aurensu ba ta taɓa raga masa ba.

"Au, kana raye?" ta ce, tana karkaɗe ƙanƙara daga takalma. "Tun safe nake kira, layi a cike. Da shugaban ƙasa kake hira?"

"Ba kowa."

"Ni har na gama ganinka kwance a banɗaki, kan waya na lilo. Na ce shi ke nan, tsoho ya bi matarsa, ya bar ni da mayar da farantai." Ta buɗe firij, ta rufe. "Ka ci na Gladys kuwa? Kada ka ci. Ita kanta ba ta cin girkinta."

Sai ta hango gilashin. Ta matso, ta ɗaga tabaran da ke rataye a wuyanta. Delbert bai taɓa kula da saman zauren ba, ƙasa kawai yake wucewa. A saman ne Ardis ta tsaya.

"Del, ka ga wannan? 'Wa ya ji ɗuriyar Marlys?' Ga wani kuma, 'Marlys, ko sanyi ya kashe miki waya ne?' Wannan ma cewa ta yi ta aiko mata da irin fure, ba ta ji ko ya iso ba." Ta juyo. "Ba ka gaya musu ba?"

"Ban san su ba."

"Ita ta san su. Kai wa ka sani, in ban da karen gidan mai?"

"Me zan ce?"

"Ka ce ta mutu. Kalma biyu ce, ko kai za ka iya. Bai kamata ba, mutane suna ta kiran wadda ke kwance a ɗakin dutse. Zauna. Ina tsaye har ka gama."

Ya rubuta da yatsa ɗaya, yana farautar kowane harafi. Ya ce shi ne Delbert, mijin Marlys. Ya ce ta rasu a Janairu, ciwon zuciya ne, ba ta sha wahala sosai ba. Ya ce irin furen ya iso. Ardis ta nuna masa inda zai danna. Saƙon ya hau can sama da sunan Marlys T. a jikinsa, domin injin bai san wani suna a gidan ba.

Amsar farko daga wata mata ce a Georgia. "Da na ga sunan na yi ihu har kare ya gudu," ta rubuta. "Sannan na karanta."

Mutanen zauren suna da wata al'ada. In ɗayansu ya rasu, kowa zai je taga ya duba tsuntsun da ya fara gani, ya zo ya rubuta shi da sunan mamacin. Kafin rana ta faɗi sun fara. Jan tsuntsu mai tukku a Ohio, domin Marlys. Maƙwaƙwafi a Maine, domin Marlys. Wani tsoho a Arizona ya ce ya yi ta jira bai ga kome ba sai kazar maƙwabci, a yi haƙuri a karɓa. Ashe kuma Marlys tana leƙa wasu zaurukan, na masu ɗinkin bargo da na masu gasa burodi. Labari ya kai can, suka taso gayya guda. Waɗanda ba su taɓa ciyar da ko tsuntsu ɗaya ba suka riƙa zuwa taga. Wasu suka amsa wa wasu, wasu suka ba da labarin nasu mamatan. Zauren da ke samun saƙo kaɗan a yini ya koma kamar kasuwa.

Delbert ya ga ladabi ne ya karanta, tunda dominsa aka yi. Safiya biyu ko uku ya yi a saman zauren yana bin tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya yi yaji. Bai ji kome ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne yawan tantabaru a ƙasar nan. Da ya ga ya sauke nauyi, sai ya ɗora sabon kofi, ya danna kibiyar ƙasa don ya koma inda ya tsaya, ƙarshen Oktoba.

Kibiyar ta tsaya a Disamba.

Ya sake dannawa. Injin ya yi ɗan ƙara, bai motsa ba. Babu Satumba, babu Oktoba, babu Nuwamban da ko harafi ɗaya bai karanta a ciki ba. Ya kashe ya kunna. Da ya dawo, wanda ke can ƙasa ma ya canza. Ya tashi ya ja teburin, ya leƙa bayan kwamfutar, ya san wauta ce amma ya leƙa. Ƙura ce da fensir da wata tsohuwar ƙwayar magani.

Ya rubuta a zauren cewa saƙonnin kaka sun ɓace, ko shi ya ɓata wani abu? Ya sa lambar wayar gidan. Sannan ya tuna sai ya kashe injin kafin waya ta shigo, ya kashe, ya zauna kusa da ita da hannu a gwiwa.

Bayan azahar ta yi ƙara. Mai kula da zauren ne, wani Murray Lasko daga New Jersey, mai magana kamar ana kora shi.

"Mista Tveit? Murray ne. Ka yi haƙuri da rashin nan, wallahi matarka ita ce gishirin zauren. Saurara, ba ka ɓata kome ba. Haka abin yake. Ka san benci a tashar jirgi?"

"Na sani."

"To zauren benci ne, yana da iyaka. Wani ya zauna ta wannan gefe, na can ƙarshe ya faɗi. Da, zaurenmu barci yake, saƙo sai ya yi wata huɗu bai faɗi ba. Yanzu kuwa duniya ta zo gaisuwa."

Delbert ya dubi igiyar wayar. "Ina suke faɗawa?"

"Babu ko'ina. Shi ke nan."

"Kamfanin ba ya ajiyewa?"

"Kamfanin? Kamfanin ko sunana bai sani ba, aikin sa-kai nake yi. Ba a ma iya adana su a faifai, sai dai a buga a takarda. Kana da injin bugawa?"

"Babu."

"Kash. To ni ina da shi a ofis. In buga maka abin da ya rage in aiko ta gidan waya?"

"A'a, kada ka wahalar da kanka," in ji Delbert.

A garinsu haka ake yi. Ko kofi aka miƙa maka sai ka ce a'a. A sake, ka ce ai yanzu ka sha. A na uku ne za ka ce to, rabin kofi, in dai an riga an dafa. Wanda ya karɓa a karon farko, har jikokinsa za a riƙa ba da labarinsa. Delbert ya gyara riƙon wayar yana jiran na biyu.

"To, kai ka san abin da ya fi maka," Murray ya ce. "Zan dai sa sanarwa a sassauta rubutu. Ana kirana a ɗaya layin. Ka kula da kanka, Del."

Wayar ta mutu. Delbert ya daɗe da ita a kunne.

Murray ya cika alkawari. Ya rubuta cewa kowane sabon saƙo yana ture na Marlys, don Allah a dakata. Mutanen kirki ne, abin ya dame su ƙwarai. Matar Georgia ta rubuta cewa ba ta sani ba, a gafarta mata. Wani ya ce shi ma ya daina daga yau. Wata ta roƙi masu ba da haƙuri su daina ba da haƙuri, aka samu masu mara mata baya. Delbert yana zaune ya ga makon farko na Disamba ya tafi a kan haka.

Da yamma Ardis ta biyo da miya a kwano, ya gaya mata a taƙaice.

"Ya ce zai buga maka, ka ce me?"

"Na ce kada ya wahala."

"Sai ya ce?"

"Ya ce to."

Ardis ta ajiye kwanon. "Sau ɗaya ya tambaya? Sau ɗaya tak? Wane irin gida ya fito?" Ta girgiza kai. "To kira shi. Ka ce ka sake shawara."

"Ban karɓi lambarsa ba."

"Rubuta masa a cikin abin."

"In na rubuta, ɗaya zai faɗi. Su kuma su zo amsawa. Kuma na riga na ce a'a."

"Taurin kai dai har kabari. Yayata ta yi haƙuri da kai, ni da tuni na sayar da kai na sayi rediyo." Ta duba agogo, lokacin buɗe silima ya yi. A bakin ƙofa ta tsaya. "Ka zauna ka karance su yau, Del. Gaba ɗaya. Ko ba kome sun shiga kanka."

Ya dubi kwamfutar. Karance su a zama ɗaya, a wurinsa, daidai yake da a ture su. Gobe da safe kuma ya tashi ya yi me?

Dabara ta zo masa washegari yana aske gemu. Kyamarar Marlys tana cikin aljihun tebur, wadda take ɗaukar jikoki da ita a Kirsimeti. Abin da ido ya gani, kyamara za ta gani. Ya tuƙa a-kori-kurarsa zuwa kantin magani ya sayo fim, ya dawo, ya jera littattafan girki a kan kujera har tsayinsu ya yi daidai da gilashin, ya ɗora kyamarar don kada hannu ya yi rawa. Ya ja labule saboda hasken ƙanƙara. Da ɗakin ya yi duhu sai ya ga ai hoto ba ya fita a duhu, ya kunna walƙiyar kyamarar. Aiki ne yake so ya yi shi da kyau.

Ya fara daga ƙasa. Ya nemo sunanta, ya buɗe saƙon, ya kawar da ido kafin kalmomin su kama shi, ya sa ido a ɗan ramin kyamarar inda rubutun ya koma ƙanana kamar tururuwa. Ya danna. Ɗakin ya yi fari, ya koma duhu. Kyamarar ta yi ɗan siririn kuka tana tara wuta. Na gaba. Sau ɗaya idonsa ya zame ya ga kalmar "mujiya", ya yi maza ya runtse. Ya bi sauran Disamba, ya shiga Janairu, yana canza fim in ya ƙare, har ya kai na ƙarshen da ta rubuta kafin a kai ta asibiti. Wannan ya ɗauke shi sau biyu. Da ya buɗe labule, ɗigon haske yana ta yawo a idonsa, ya bi shi har cikin firij.

Ba a wanke hoto a garin. Kantin yakan aika fim Duluth, ya dawo mako mai zuwa. A kwanakin jiran Delbert ya ci gaba da kunna injin da safe, ya gangara ƙasa ya ga inda aka kwana. Disamba ta ƙare. Janairu ta riƙa gajarta. Yana kallon sunan yana raguwa kamar yadda ake kallon ruwa na janyewa daga baho, hankalinsa kwance, domin yana da su a wani wuri. Wata safiya ya tarar Marlys T. ɗaya ce ta rage a can ƙasa, ita ma wadda shi ya rubuta. A sama an koma gardama a kan ko gyaɗa mai gishiri tana cutar da tsuntsu.

Ranar da hotunan suka iso, Noreen ce mai tsaron kantin. Ajinsu ɗaya da Marlys a makaranta. Ta ciro ambulan daga kwando, amma ba ta miƙa ba.

"Delbert, sun manno 'yar takarda a kai. Wai duk sun lalace." Ta rage murya, ko da yake ba kowa a kantin sai wani mai zaɓen katin gaisuwa. "Talabijin ka ɗauka? Ai ba a kunna wa gilashi walƙiya. Mijina ya yi haka ranar da aka nuno ƙanensa a labarai, muka samu hoton farin wata."

Ya buɗe. Na farko, baƙin gilashi da farin dunƙulen haske a tsakiya, ya cinye kusan kome. Na biyu haka. Ya bi su a hankali, yana mayar da kowane baya. A wasu ana iya ganin inuwar mutum a sunkuye bayan tarin littattafai.

"Waɗanda ba su fita ba, ba a biya," Noreen ta ce. "Bar su nan, in jefa a kwandon shara."

"Zan tafi da su."

"Ba kome a ciki fa."

"Zan tafi da su, Noreen."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta sa masa su a jakar takarda. "Ka gaida Ardis. Ka ce mata tana da bakin da ya fi jikinta girma."

A cikin mota ya tayar da inji don ɗumi, bai sa giya ba. Ya zazzage hotunan a kujerar gefe. Da ya kawo ɗaya kusa da hanci sai ya ga hasken bai kai bango ba. A gefen hagu farkon layuka sun tsira, a gefen dama ƙarshensu, koraye, dishi-dishi. Ya ciro tabarau daga aljihu.

Wani ya fara da "Sanyin yau", ya ƙare da "ko hankaka". Wani "Carla ta kira", sai fari, sai "ban gaya mata ba". Na ƙarshen, wanda ya ɗauka sau biyu, gajere ne, ya zauna a tsakiyar gilashin, hasken ya haɗiye shi duka a hoton farko da na biyu. Ya ajiye su a kan gwiwa. Ya ɗauko wani mai kwanan wata na tsakiyar Disamba.

"Yau Delbert ya", in ji gefen hagu. A dama, layi biyu a ƙasa, "har sai da na zauna don dariya."

Ya karkata hoton ta taga, ya karkata ta ɗaya gefen. Farin bai motsa ba. Ya jingina da kujera ya shiga neman tsakiyar Disamba a kansa. Ya tuna ya canza batirin motar nan. Ya tuna an yi iska, reshe ya faɗo a kan shinge. Ya kai ta coci, ya dawo da ita. Ya sayo gishirin zubawa a matakala. Bai ga abin dariya a ko ɗaya ba, ya sake bi daga farko.

Wani ya yi masa hon yana son wurin ajiye mota. Delbert ya ɗaga hannu alamar ya wuce. Gilashin motar ya fara yin hazo daga numfashinsa, kantin da titin suka dushe. Batiri, reshe, coci, gishiri. Yana nan zaune da hoton a hannu har Noreen ta fito ta juya allon ƙofa zuwa "an rufe", ta tafi cin abincin rana.